Hadari da Haɗari

A masana'antar kwanon rufi, idan direban motar ɗaga kaya ya buɗe baki ya ce "Hadari!", babu mai duban sama. Kowa ya san jami'ar kula da lafiyar ma'aikata ce ta fito daga ofishinta. Nan da nan sai hulunan kwano su fara fitowa daga ƙarƙashin benci, safar hannu ta fito daga aljihu, mai walda ya janyo tabaransa daga ƙeya ya mai da shi kan ido. Kafin ta taka bakin ƙofa, zauren ya koma kamar hoton da ke rataye a bangon ofishin manaja.

Direban shi ya ƙirƙiro kiran. Cokali ake ce masa, saboda ƙarafa biyun da ke gaban motarsa. Kujerarsa a sama take, yana hango ƙofa kafin kowa. Ya ce yarinyar nan takan shigo da fuska a haɗe, ta yi ta tsawa, ta wuce ba a ga ɗigon ruwa ba, in ba hadari ba mece ce? Ita kuwa sun laƙaba mata A-Kula, domin ba ta gama magana ba tare da ta faɗi haka ba.

Ta san da kiran tun farkon zuwanta. Ba shi ke ƙona mata rai ba. Abin da ke ƙona mata rai shi ne manyan mutane, masu mata da 'ya'ya, sun ɗauki hular da za ta kare ƙoƙon kansu tamkar wata gaisuwa ce da ake yi mata. Ta wuce, a cire. To kan wa ƙarfe zai faɗo wa, nata ko nasu? Ta yi taro, ta liƙa hotuna, ta yi magana har muryarta ta dushe. Su dai "to, ranki ya daɗe" suke cewa, da ladabinsu, kuma babu abin da ya fi wannan "to" ɗin taurin kai a duniya.

Mutum ɗaya ne ba ta taɓa samu da laifi ba: Kawu, yayan mahaifiyarta. Shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinta, shi ya riƙa ɗora ta a bayan keke yana kai ta makaranta. Sunan kakarta ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Shi ke riƙe da injin lanƙwasa, wanda ke haɗiye shimfiɗaɗɗen ƙarfe ta gaba, ya bi da shi tsakanin wasu manyan sanduna masu juyawa, ya fito da shi ta baya ya zama kwanon rufi. Muƙamuƙi ma'aikata ke kiran sandunan nan. A gabansu akwai murfin raga mai nauyi. Ka ɗaga shi, inji ya tsaya, ka daidaita ƙarfenka. Ka sauke, inji ya tashi. An yi shi ne don kada hannu da muƙamuƙi su taɓa haɗuwa. Kullum ta zo wucewa, murfin Kawu a sauke yake, hularsa a kansa, har misali take bayarwa da shi.

Ran nan Cokali ya fita waje yana loda wa wata babbar mota kaya, ita kuma ta shigo ta ƙofar baya. Babu wanda ya yi shela. Ta iske murfin Kawu a ɗage, an ɗaure shi da robar tsohuwar taya a jikin bututun da ke sama. An cusa guntun katako a makunnin kariya da ke jikin murfin don inji ya ɗauka murfin a sauke yake. Muƙamuƙin na ta juyawa a buɗe, Kawu na tura musu ƙarfe da hannu, yatsunsa ba su fi taƙi guda da su ba.

"Kawu."

Ya juyo. Fuskarsa ta sauya, sannan ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Uwata! Yau kuma ruwa babu hadari?"

"Kawu, mene ne wannan?"

"Roba ce."

"Na ga roba ce."

Ta danna jan madannin da ke jikin ginshiƙi, inji ya tsaya. Kawu ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ɗaga hannun hagunsa a hankali. Da ya kawo daidai ƙirji sai ya tsaya, fuskarsa ta yamutse.

"Nan kafaɗar take tsayawa," ya ce. "Tun bara. Murfin nan kuwa hannu biyu yake so, kuma kowane kwano sai an ɗaga an sauke. Na gwada da hannu ɗaya, wallahi kafin azahar idona duhu yake gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kin manta mai yankan ƙarfe, da ya ce bayansa na ciwo? Aka ce ya je gida ya huta. Har yau hutawa yake yi."

Heluma, wato mai kula da ma'aikatan zauren, ya matso yana gyara hular da ya ɗora a karkace.

"Ranki ya daɗe, a rufa masa asiri."

"Kai ma ka sani?"

"Wa bai sani ba? Ni na nemo masa robar ma. Da an ce hadari yake kwancewa, ki wuce ya mayar. Mutumin nan shi ya koya wa rabinmu aiki. Yara gare shi a makaranta."

Ta dubi zauren. Duk wanda ta kalla sai ya sunkuyar da kai. Ba mugunta ba ce ta haɗa su, ƙauna ce, kuma wannan ya fi ba ta haushi. Sun buɗe murfin inji don su rufa wa mutum asiri, suna ganin alheri suka yi.

Ta ɗauko almakashin ƙarfe ta datse robar. Murfin ya faɗo da ƙara.

"Zan ga manaja," ta ce.

Kawu ya sunkuya ya tsince guntayen robar ya zuba a kwandon shara.

Labari ya riga ta isa gida. Ta tarar da Inna a tsakar gida tana kwashe shanya, ko sannu da zuwa ba ta yi mata ba.

"An ce za ki kai ƙarar yayana."

"Inna, ba ƙara ba ce. Hannunsa nake ji wa."

"Hannun da ba shi da aiki me zai ɗauka ya kai baki?"

"Gara babu aiki da babu hannu."

"Ke kika faɗa, da yake albashinki na zuwa." Inna ta yarfa zane ta ninke shi da ƙarfi. "Ya yi shekara yana yi babu abin da ya same shi. Injin nan ya san shi, shi ma ya san injin."

"Inji ba ya sanin kowa, Inna. Ƙarfe ne."

"To malama. Ki je ki tsaya gaban manaja ki ce mutumin da ya goya ki ya tsufa. Ki faɗa da bakinki. Ni dai ba zan iya haɗa ido da matarsa ba."

Washegari ta shiga ofishin manaja da maganarta a shirye. Manaja ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da waya ke yi wa kuka ba dare ba rana, masu sayen kaya na neman kwanonsu kafin ruwa ya sauka. Ta ce masa murfin injin lanƙwasa ya yi nauyi, ya kamata a sa masa sifirin da zai riƙa taimakon mai ɗagawa.

"Ya lalace ne?" ya tambaya, idonsa na kan wayarsa.

"A'a."

"Wani ya yi kuka da shi?"

Ta ga bayan Kawu a sunkuye yana tsintar roba. Ta ji muryar Inna.

"A'a," ta ce.

"To a bari sai lokacin babban gyara. Yanzu in muka tsai da injin nan mun shiga uku."

Ta fito tana jin kunyar kanta. Ta wuce wurin Kawu ta ce ya yi mata alkawari ba zai ƙara ɗaure murfin ba, in ya gaji ya kira wani ya taya shi ɗagawa. Ya ce, "Na ji, Uwata." Ta san "na ji" daban, "na bari" daban. Amma ta karɓa, domin ita ma tana neman abin da za ta rufe idonta da shi. Tun daga ranar, in za ta shiga zauren sai ta bi ta babbar ƙofa, ta rage tafiya, ta ba Cokali lokaci ya yi shelarsa. Ta iske murfi a sauke, ta gaida Kawu, ta wuce.

Aka jima ana haka.

Wata safiya mai gyaran wuta ya aiko mata cewa yana jin warin ƙonewar waya a ɗakin wuta. Ɗakin a bayan zauren yake, ƙofarsa ta waje, bango ya raba shi da ma'aikata. A nan babban makunnin masana'antar yake, wani hannun ƙarfe mai tsawon kamu guda. Ta zagaya ta waje ta shiga. Mai gyaran wuta na tsugune yana haska akwatin wayoyi da tocila, ita tana riƙe masa murfin akwatin. Ƙarar injuna na zuwa ta bango kamar kullum.

Sai muryar Cokali ta ratso.

"Haɗari! Haɗari! Jama'a, haɗari!"

Mai gyaran wuta ya fashe da dariya.

"Ikon Allah. Ga ki nan a gabana, can kuma ana shelar isowarki. Ko 'yan biyu ne ku ba mu sani ba?"

Ta ja tsaki, sai tsakin ya maƙale mata. Babu wanda ya gan ta. Ba ta doshi ƙofa ba. Cokali bai taɓa kuskuren mutum ba, kuma sau ɗaya yake faɗa, da 'yar waƙa a muryarsa. Wannan muryar babu waƙa a cikinta. A cikin rurin injuna, babu kunnen da zai bambance hadarin sama da haɗarin da ke cin mutum. Duk masana'antar ita kaɗai ta san ba da ita ake ba.

Ta saki murfin akwatin, ta yi tsalle ta kama hannun babban makunnin ta rataya a kai da dukan nauyinta.

"Ke! Manaja zai..."

Komai ya mutu. Injuna suka yi wani dogon nishi suka yi shiru. A cikin shirun nan ta ji muryar Kawu yana kiran sunan Allah.

Ba ta san yadda ta zagayo ba. Abin da ta gani da ta shigo shi ne ya daɗe yana hana ta sukuni. Kowa na tsaye a wurin aikinsa, tsaf. Hula a kai, safar hannu a hannu, tabarau a ido. Heluma har ya saka maɓallin rigarsa na sama. Dukkansu babbar ƙofa suke kallo, suna jiran shigowarta. A bayansu, Cokali ya diro daga motarsa yana gudu yana tuntuɓe da tulin kwano. Kawu kuwa ƙirjinsa na kan teburin inji, murfin raga a ɗage da sabuwar roba. Bakin ƙarfe ya kama hannun rigarsa ya ja shi, kafaɗar nan ta ƙi ba shi ƙarfin fizgewa, jan madannin kuma yana can jikin ginshiƙi inda hannun damansa bai kai ba. Muƙamuƙin sun riga sun kama gefen hannun hagunsa suka tsaya a nan.

Akwai mutum uku da ba su fi taku biyu da jan madannin ba. Dukkansu hula suka tsaya nema.

Aka kwance sandunan da sifana aka zare hannun. Cokali ne ya ɗauke shi a kafaɗa har mota, yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Na faɗa, wallahi na faɗa, ba su ji ni ba."

"Sun ji ka," Kawu ya ce da ƙyar. "Ba ka ga sun sa hula ba?"

A asibiti likita ya ce ƙaramin yatsa da mai bi masa sun tafi. Sauran hannun zai rayu. Ya ce da sandunan sun ƙara juyi ɗaya, da maganar gwiwar hannu ake yi. Inna na zaune a benci a barandar asibitin. Da 'yarta ta zo, ta matsa ta ba ta wuri, ta kama hannunta ta riƙe a cinya.

Manaja ya kira ta da heluma ofishinsa. Robar na kan teburinsa, da guntun katakon.

"Wannan sakaci ne a fili," ya ce. "Na tausaya masa, kuma za mu ɗauki nauyin magani. Amma mutumin da ya kashe makunnin kariya da hannunsa, ba na jin zai iya komawa aiki a nan."

Heluma ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta matso gaban teburin.

"Ranka ya daɗe, in sakaci ne, layin dogo ne. Heluma ya nemo robar. Zauren nan kaf sun sani. Ni na gani da idona, na zo nan na tsaya inda nake tsaye yanzu, ka tambaye ni ko wani ya yi kuka, na ce a'a. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidan nan. Ka san dalili?"

"Ki yi a hankali."

"A hankalin ne ya kawo mu nan! Ba a faɗa maka ba ne domin kowa ya ga yadda aka yi da mai yankan ƙarfe. Ka koya musu cewa mai faɗin ciwonsa gida zai tafi. Ni kuma na koya musu cewa kiyaye lafiya tsawa ce da ake jira ta wuce. Suka haɗa darasinka da nawa suka yi abin da ya fi musu. Mutum na ihu ana cin hannunsa, 'yan'uwansa na gyara hula don kada in yi faɗa! In za a sallame shi, a fara da ni."

Manaja ya ajiye wayarsa, ya kife ta.

"Da kin faɗa mini gaskiya ran nan..."

"Da na faɗa, me za ka yi masa?"

Manaja ya ɗauki guntun katakon yana jujjuya shi. Wayar ta yi ta kuka a kife bai taɓa ta ba.

Sa wa murfin sifirin bai ci wa makaniki safiya guda ba. Da ya gama, ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta sauke, ta sake ɗagawa. Ta fita bayan zauren ta tsaya ita kaɗai har numfashinta ya daidaita. Aka ƙara jan madanni a kan teburin kowane inji, inda hannu zai kai. Manaja ya tara ma'aikata ya ce daga yau duk wanda ya faɗi ciwonsa, ko ya nuna wani lahani a inji, ba za a tura shi gida ba, za a nemi yadda za a yi. Suka ce, "To, ranka ya daɗe." Ta san wannan "to" ɗin. Babu wanda ya gaskata.

Da Kawu ya warke aka mai da shi wurin duba kwanon da ya fito, ya ware mai lahani. Aikin ido ne, a zaune ake yi. Ranar da ya dawo, ta shigo ta babbar ƙofa. Cokali na bisa motarsa, ya gan ta, bai ce uffan ba. Wasu da hula a kai, wasu babu. Mai walda ya dube ta, ya dubi tabaransa, ya janyo shi ya sa a gabanta ba tare da ɓoyewa ba.

Cokali ya kashe motarsa ya leƙo.

"Ranki ya daɗe, kalmar nan ta fita daga bakina, sai ranar da take ta gaske. To yanzu in kin shigo me za mu ce?"

"Ku ce sannu da zuwa, kamar mutane."

"Haka kawai? Ba daɗi."

Aka ɗan yi dariya. Kawu ya ɗago hannunsa mai yatsa uku ya yafito ta.

"Uwata, zo. Wannan ƙaton yana da magana, tun safe yake zagaya ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

Heluma ne. Ya matso, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Injunan da ke kusa suka rage ƙara ɗaya bayan ɗaya, mutane suka daina abin da suke yi.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana kallon takalminsa. "Kunnen nan nawa na dama. Ba ya ji. Ya daɗe. In motar Cokali ta biyo ta wannan gefen, sai na ga inuwarta nake sanin ta iso."

Babu wanda ya motsa. Duk zauren ita suke kallo, suna jiran su ga ko gida za a ce ya je ya huta.

"Mai da hularka," ta ce. "Mu je wurin manaja tare, yanzu."

Heluma ya dubi Kawu.

"Je ka mana," Kawu ya ce. "Ka tsaya ta damanta dai, don ka ji abin da za ta faɗa masa."